Bashin da aka ci da sunan gida: wa ya kamata ya biya tsakanin miji da mata?

Cikin rigingimun da ke kai ma'aurata gaban mai unguwa, ko ofishin Hisba, ko kotun shari'ar Musulunci a arewacin Najeriya, kaɗan ne suka kai rigimar bashin da miji da mata suka ci tare wuyar warwarewa. Matar tana cewa da sunanta aka karɓi kuɗin, albashinta ake yanka duk ƙarshen wata, alhali maigida ne ya juya su yadda ya ga dama. Mijin kuma yana cewa ai a gidan nan aka kashe su, ita da 'ya'yanta suka ci suka sha, kuma rufin da ke kansu da kuɗin aka yi shi. Sau da yawa kowannensu gaskiya yake faɗa, shi ya sa mai sulhu kan rasa inda zai kama zaren.

Abin da ke rikita lamarin shi ne, duk bashin da ma'aurata suka ci tare yarjejeniya biyu ce a cikinsa. Ta farko tana tsakanin mai ba da rance da wanda ya sa hannu, a rubuce take, da kwanan wata da lambar asusu da sharuɗɗa. Ta biyu tana tsakanin mijin da matar, kuma galibi a cikin ɗaki aka ƙulla ta, da dare, ba shaida ba takarda, da kalmomi irin su "ki karɓo mana, in sha Allahu ni zan riƙa biya". Matuƙar ana zaman lafiya kuma kuɗi na shigowa, ba wanda ke lura da cewa guda biyu ne. Ranar da kasuwa ta karye, ko aka sallami mutum daga aiki, ko maganar ƙarin aure ta taso, sai a ga ta farkon tana nan daram tana cin albashi, ta biyun kuwa kowa yana tuna ta yadda ta fi masa.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa wannan ke yi wa gidan Bahaushe zafi na musamman, sai an tuna yadda aka gina sha'anin dukiya a cikinsa. A shari'ar Musulunci aure ba ya haɗe dukiyar mutum biyu ta zama ɗaya. Ci da sha da sutura da muhalli wajibi ne a kan miji gwargwadon ƙarfinsa, ko da matar ta fi shi arziki. Sadakinta nata ne, gadonta nata ne, ribar sana'arta tata ce, kuma aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta halatta wa miji cin wani abu daga sadakin ne kawai idan ita ta ba shi da daɗin rai. Al'ada ma haka ta tafi a kai tun da daɗewa: mace tana da akuyoyinta da adashenta da kayan ɗakinta, har takan sayar wa mijinta ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa ya biya ta, ba wanda zai ga baƙon abu a ciki. Wato a wannan tsari babu wani asusu da ake kira na gida wanda su biyu suka mallaka daidai. Idan aka ce "mun ci bashi", tambayar da shari'a za ta yi ita ce wane ne ya ci, nawa ya hau kansa, kuma a kan hakkin wa aka kashe.

A da, bashin da ke shiga gida ƙarami ne kuma na sanayya: buhun hatsi daga wajen ɗan'uwa kafin kaka, ko kwasar adashe kafin lokaci da yardar uwar adashe. Yanzu masu ba da rancen sun canza, kuma hanyar karɓar kuɗinsu ta fi ta da ƙarfi nesa ba kusa ba. Tun 2014 aka fito da lambar BVN wadda ke ɗaure duk asusun mutum da yatsunsa. A watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke bai wa bankin da ke bin mutum bashi damar cire kuɗinsa daga asusun da mutumin ke da shi a wasu bankunan idan ya kasa biya. A shekarar ce kuma aka ware naira biliyan 50 da farko don rancen rage raɗaɗin annobar korona ta hannun bankin NIRSAL, kuma mutane da yawa suka ɗauke shi kyautar gwamnati, har magidanta suka riƙa cike fom da sunayen matansu don su ƙara yawan abin da zai shigo. Ga ƙananan bankunan da ke ba mata rance rukuni-rukuni, inda kowace ke tsaya wa 'yar'uwarta kuma ake biya mako-mako. Ga ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata, waɗanda ke cire nasu tun kafin albashi ya iso hannu. Ga manhajojin rance na waya, waɗanda cin mutuncin da wasunsu ke yi wa masu bashi ta hanyar aika saƙo ga duk lambobin da ke cikin wayarsu ya sa hukumar kare hakkin masu saye ta tarayya ta fito musu da ƙa'idoji a 2022.

A yawancin waɗannan ƙofofi sunan mace ya fi saurin buɗewa. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya tana da albashin da za a iya kamawa, mijinta ɗan kasuwa kuwa ba shi da takardar da banki zai yarda da ita. Masu ba da rancen rukuni kuma mata suka fi nema da gangan, domin sun san mace ba ta iya barin unguwa ta gudu, kuma kunyar ƙawayenta kaɗai ta isa ta sa ta biya. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, gidaje da dama sun koma cin bashi don kuɗin haya da na makaranta da na asibiti, wato don ainihin abubuwan da shari'a ta ɗora wa miji. Ta haka aka wayi gari nauyin yana kan mutum ɗaya, sa hannun yana kan wani.

Ta fuskar mai ba da rance maganar a taƙaice take, domin shi bai san aure ba, sa hannu ya sani. Idan sunan matar ne kaɗai a takarda, ita yake bi, ko da ko sisi bai taɓa hannunta ba. Idan su biyu suka sa hannu a matsayin masu karɓa, takardun banki galibi suna ɗauke da sharaɗin cewa ana iya bin kowannensu da dukkan kuɗin, ba rabi ba, kuma banki zai nufi wanda ya fi sauƙin kamawa, wato mai albashi. Idan ɗayansu ya tsaya wa ɗayan ne kawai, nan ma akwai tarkon da mutane ba su cika lura da shi ba. Abin da aka karanta a zaure, kamar yadda ya zo a littafin fiƙihu na Risala ta Ibn Abi Zaid, shi ne ba a tilasta wa wanda ya yi lamuni biya sai idan ainihin mai bashin ya tsiyace ko ya ɓace. Amma takardar banki takan rubuta akasin haka, ta ce ana iya fara bin mai lamunin kai tsaye. Saki ba ya goge ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ko alƙali ya yanke cewa mijin ne zai biya, hukuncin yana tsakanin ma'auratan ne, bankin da bai shiga shari'ar ba zai ci gaba da yankar albashin wadda ta sa hannu.

Akwai wata ƙa'ida a mazhabar Malikiyya da ta dace a ambata a nan. Matar aure ba ta da ikon yin kyauta ko tsaya wa wani a kan abin da ya haura sulusin dukiyarta sai da yardar mijinta, kuma yana da ikon warware abin idan ta yi ba da saninsa ba. Wannan yana kare dukiyarta daga 'yan'uwa da ƙawaye masu neman a tsaya musu. Sai dai tun da hakkin hanawar a hannun miji yake, idan shi ne da kansa ya nemi ta tsaya masa, babu sauran mai hanawa. A wurin da mace ta fi fuskantar matsi, a nan ne kariyar ta fi rauni, domin ƙin amincewa da buƙatar maigida yana da tsadar da ba ta bayyana a takarda: fushi, da gori, da zargin cewa ba ta son ci gabansa.

Tsakanin su biyu kuwa, abin da ya kamata a fara bi shi ne sawun kuɗin. Idan an kashe su a kan abinci, ko haya, ko suturar iyali, to an sauke wajibin miji ne da su, kuma cewa "ai ke ma kin ci" ba hujja ba ce, domin cin nata hakkinta ne tun asali. Malaman Malikiyya ba su bar wannan a duhu ba. A babin ciyarwa na littafinsa Muhtasar, Shaihu Halil ya kawo cewa mace tana iya komawa ta nemi abin da ta kashe wa mijinta matuƙar ba almubazzaranci ba ne, ko da a lokacin yana cikin talauci, sai fa idan ta yi ne da niyyar kyauta da sada zumunci. Wannan togaciyar ta ƙarshe ita ce filin dagar, domin miji zai ce taimako ta yi don Allah, ita kuma ta ce rance ne. A ganina, idan mace ta je ta ɗauko bashi mai wa'adi da sunanta, ta miƙa wa mijinta kuɗin a dunƙule, zato mafi ƙarfi shi ne rance ne, domin ba a saba mutum ya ci bashin da zai shekara biyu yana biya don ya yi kyauta da shi ba. Wanda ya ce kyauta ce shi ya fi cancanta a nemi ya kawo abin da ke nuna haka.

Inda abin ya fi ciwo shi ne idan kuɗin sun zama kadara. Mace ta karɓo rancen gama-kai an sayi fili, ta sake karɓowa an yi rufi, ta sayar da sarƙarta an sa tagogi, amma takardar filin sunan maigida kaɗai ta ɗauka, saboda shi ya je wajen dillali, shi ya tsaya gaban mai unguwa, kuma a lokacin ba wanda ya ga dalilin sa sunan mace. Bayan shekaru sai ya ware sashe ɗaya na gidan ya ce amarya zai sa a ciki, alhali uwargida ba ta gama biyan bashin bulon da aka gina sashen da shi ba. Mutane kan yi saurin cewa kishi ne ke damunta. Kishi yana iya kasancewa, amma ƙarƙashinsa akwai tambayar hakki wadda ba ta da alaƙa da halaccin ƙarin aure: shin kuɗin da ta zuba rance ne da za a mayar mata, ko tarayya ce da ta ba ta kaso a gidan? Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan rance ne, adadin da ta bayar za a mayar mata, kuma naira miliyan biyu ta shekara takwas da suka wuce ba ta sayen rabin abin da ta saya a lokacin. Idan tarayya ce, kasonta yana tashi tare da darajar gidan. Dokar rabuwar aure ta 1970, wadda ta bai wa babbar kotu ikon daidaita kadarori tsakanin ma'aurata, ta shafi auren rajista ne, ba ta hau kan auren Musulunci ko na gargajiya ba. Saboda haka matar da aka ɗaura wa aure a masallaci ba ta da wata doka da za ta ba ta kaso don kawai ta zauna a gidan, sai abin da ta iya tabbatarwa cewa ta zuba, da sharaɗin da ta zuba shi a kai.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba kullum mace ce ake cuta ba. Akwai magidantan da sai dai su ga mai kayan bashi ta yi sallama, ko 'yan rukuni sun cika tsakar gida, a kan kuɗin da matar ta karɓa don anko, ko gudummawar biki, ko kayan ɗakin 'ya da suka wuce ƙarfin gidan, ba tare da ya sani ba. A hukunce bashin nata ne, ba a bin miji abin da bai ci ba, bai yi umarni da shi ba, bai kuma tsaya a kai ba. Amma a aikace shi ake tarewa a ƙofar masallaci, kuma yakan biya don ya rufa wa gidansa asiri, sannan ya riƙe abin a zuciya. Akwai kuma sana'ar da suka shiga da yardar juna, kamar kiwon kaji ko sayen babur mai ƙafa uku don haya, wadda ta karye ba da sakacin kowa ba. A irin wannan ƙa'idar tarayya a bayyane take, asara tana bin gwargwadon jarin kowa, kuma ba daidai ba ne matar da za ta karɓi rabonta da an ci riba ta ce duk asarar ta miji ce don shi ke zuwa kasuwa.

Duk waɗannan hukunce-hukunce suna tsayawa ne a kan hujja, kuma a nan ne yawancin masu gaskiya ke faɗuwa. Ƙa'idar ita ce mai da'awa ya kawo shaida, wanda ya musa ya yi rantsuwa. A sha'anin dukiya Malikiyya sun sauƙaƙa, suna karɓar shaidar namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Amma maganar da aka yi a ɗaki ba ta da ko shaida ɗaya, kuma waɗanda suka fi sanin gaskiyar, wato 'ya'ya da iyaye, su ne ake tuhumar shaidarsu saboda kusanci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, har ta yi hani da a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba, kuma ba ta cire ma'aurata ba. Abin da ke hana rubutawa kunya ce da tsoron kada a ce babu yarda, kuma ina ganin wannan kunyar ta fi cutar da aure fiye da takardar da ake gudu. Layi huɗu sun isa: nawa aka karɓa, da sunan wa, me za a yi da su, wa zai biya kuma idan an sayi kadara ta wa ce. Waliyyin matar da wani ɗan'uwan mijin su sa hannu. Wadda ba ta samu haka ba, ko tura kuɗin ta banki zuwa asusun mijin maimakon miƙa su a hannu, da adana saƙon da ya ce zai biya, yana ba alƙali abin dubawa.

Kuɗin ruwa suna ƙara wa rigimar wani kulli. Ƙananan bankuna sukan faɗi ruwansu ne a wata, abin da ke sa ya yi kama da kaɗan. A misali, idan aka karɓi naira 500,000 a kan kashi 4 cikin ɗari duk wata, ana lissafawa a kan uwar kuɗin gaba ɗaya, ruwan shekara zai kai naira 240,000, kusan rabin abin da aka karɓa. Idan rigima ta tashi, miji kan ce shi 500,000 ya karɓa daga hannunta, kuma addini bai yarda ya biya riba ba. Gaskiya ne mace ba za ta ranta wa mijinta kuɗi ta nemi ƙari ba. Amma idan shi ya aike ta, ya san inda za ta karɓo da sharaɗin da ke kai, to wakiliyarsa ce a wannan ciniki, kuma bai dace ya tuna haramcin riba sai ranar biya ba, ya bar ta da kuɗin ruwan ita kaɗai. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, sun kawar da matsalar riba ta hanyar sayen kaya su sayar wa mutum da riba sananniya, amma ba su kawar da tambayar wanda zai biya ba, domin su ma sa hannu suke bi.

Idan zama ya ƙi, bashin yakan koma makami. Mijin da ya san ana bin sa yakan ƙi furta saki har sai matar ta gaji ta nemi hul'i, wato ta fanshi kanta, sannan ya sa sharaɗin ta yafe abin da take bin sa, ko ta ɗauki ragowar bashin bankin a kanta. Fiƙihu ya san wannan dabarar. A Malikiyya, idan ta tabbata cewa cutarwa ce ta tilasta wa mace fansar kanta, rabuwar tana nan, kuma a mayar mata da abin da ta bayar. Mata da yawa ba su san wannan ba, wasu masu sulhun ma ba sa faɗa musu. A nan ne nake ganin kuskuren da ya fi yawa a zaurukan sulhu: gaggawar cewa "ki yi haƙuri, ki duba 'ya'yanki" tun kafin a zauna a yi lissafi. Haƙuri da yafiya alheri ne, amma mutum yana yafe abin da aka tabbatar nasa ne. Sulhun da ya mayar da mace ɗakinta ba tare da an rubuta nawa ne bashin da wanda zai biya ba, ya ɗage rigimar ne zuwa ranar albashi mai zuwa. Su ma kotuna ba a wuri ɗaya suke ba: sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ga al'amura irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi da riƙon yara, don haka rigimar da ta fara a matsayin ta aure tana iya rabuwa biyu, ɓangaren bashin ya bi wata hanya dabam mai cin lokaci da kuɗin lauya.

Mutuwa ce ke fito da girman abin a fili. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi, kuma hadisi ya zo cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. A ɗauka magidanci ya rasu ya bar dukiyar naira miliyan 8, da mata biyu da 'ya'ya, kuma akwai ragowar bashin naira miliyan 2 da uwargida ta karɓo masa da sunanta. Idan ta tabbatar da cewa nasa ne, za a cire miliyan 2 a biya, a fitar da tumuni (kashi ɗaya cikin takwas, rabon matan) daga miliyan 6 da suka rage, wato naira 750,000, kowace mace ta sami 375,000, kuma uwargida ta fita ba bashi a kanta. Idan ta kasa tabbatarwa, tumunin miliyan 8 za a raba, ta karɓi 500,000, sannan ta ci gaba da biyan miliyan 2 daga albashinta tana cikin takaba, yayin da sauran magada, har da abokiyar zamanta da 'ya'yan da ba ita ta haifa ba, suka raba dukiyar da kuɗinta ke ciki. Magadan ba lallai ne su kasance azzalumai ba, domin ba su da hanyar sanin abin da aka ƙulla a ɗaki, kuma idan akwai marayu ƙanana a cikinsu, alƙali ba shi da ikon ya rage musu rabo a kan maganar da ba ta da shaida, ko da zuciyarsa ta gaskata matar.